Ƙwarin Ƙarfe a Tafkin Gabas

Dayi, Malumfashi.

Zuwa ga Yaya Awaisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya a Fatakwal, Allah ya kare ka. Inna tana nan da sauƙi, sai ƙafar da ke kumbura. Ita ta sa ni rubuta maka, don ta ce a waya ba ta iya faɗa maka wannan.

Yaya, ka ce za ka dawo ka tayar da lambun marigayi Baba da ke bakin tafkin gabas. Ka san tun da ake wanke famfon feshi a ciki ruwan ya lalace, albasa ƙonewa take yi. Bayan kaka wasu malaman jami'a suka zo da 'yan na'urori, ba su fi ƙwallon dabino ba. Na'urorin suna iyo da kansu suna tsotse maganin feshin da ke cikin ruwan, hasken rana ne abincinsu. Muka sa musu suna ƙwarin ƙarfe. Kawu Sanda ya ce tunda ba sa cin tuwo ya yarda su zauna. Wallahi Yaya, ruwan ya fara washewa, har tarwaɗa ta dawo.

Dawowar kifin ce ta kashe mu. Malaman sun ce kada a shiga ruwan, amma Sarkin Ruwa Dogo ya ce tun kakanni in kifi ya fito sai an yi su, wato kamun kifi na gayya, kuma mutane sun daɗe ba su ga kifi a miya ba. Gari duka ya faɗa ruwan da komar kamun kifi da gora. A cikin abin da koma ta kwaso ƙwarin sun fi kifin yawa, sauran aka tattake a taɓo. Da shugabar malaman ta dawo ta ga abin da ya faru, sai ta ce ba su da wasu ƙwarin. Yanzu damina ta kusa, jiya na ga an fara wanke famfo a wurin.

Na tsinci ƙwaro ɗaya mai rai, na sa shi a kwanon sha a rana. Yana ta zagayawa, ruwan kwanon ya yi fes. Iyakar abin da ya rage mana ke nan. Inna ta ce ka riƙe aikinka, kada ka dawo saboda lambu.

Ka gaida Anti Sa'adiya da Kabiru. Ƙanwarmu Nana tana tambayarka kullum.

Ƙanwarka,
Raudatu