Kifi a Kanki

Ƙarƙana

Zuwa ga Yayana Lutfi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana nan ƙalau, aikin ginin da ya kai ka Tarabulus kuma bai ƙarasa busar da kai ba, don dama ba wani nama gare ka ba. Mu nan lafiya lau. Umma na gaishe ka, ciwon gwiwa dai na nan yadda ka bar shi. Matarka Shadliya ma na gaishe ka, ko da yake da na ce me zan rubuta maka da sunanta sai ta rufe fuska da gyale. To, ka fassara da kanka. In rubutuna ya karkace ka ga laifin Malam, shi da ya fi ba bulala aiki a kan alƙalami.

Yaya, ka ɗauko mace daga Gafsa, inda ruwa sai na rijiya, ka ajiye mana nan Ƙarƙana a tsakiyar teku ka yi tafiyarka. Ka tuna ranar biki, da mata suka yi ta ce mata "kifi a kanki, kifi a kanki" don kore mata bakin mutane, ita kuwa ta yi ta shafa kai tana neman kifin? Har yau ban bar ta ta manta ba. Shekaranjiya na saka mata ƙarnit mai rai, dabbar tekun nan mai hannuwa barkatai, a kwanon wanki. Da ya miƙo mata hannuwansa takwas, ihun da ta yi sai da jakin Goggo Ajmiya ya amsa daga bayan gari. Amma ba ta kai ƙarata ba. Washegari na zo sa riga na ji hannuna ya ƙi fita, ashe ta ɗinke bakin hannuwan duka biyu, da wani ɗinki siriri wanda sai da na kai rana kafin na ga zaren. Tun daga nan na fara jin tsoronta, na kuma fara sonta.

Umma dai ba ta fara ba. Har yanzu "yarinyar nan" take ce mata, ko "'yar tudu." Wai ba ta iya gyara kifi ba, ƙarninsa na tayar mata da zuciya, kuskus ɗinta kuma na masu cin rago ne. Ban taɓa jin ta ce mata "kifi a kanki" ba, ita da take faɗa wa kyanwar gidan nan ma in ta haihu. Goggo kuwa kullum tana nan tana zuga, wai macen da ba ta tsinana komai gara ta je gaban iyayenta ta jira mijinta. Jiya na ji Umma ta ce za ta duba maganar bayan bikin Nabiha, autar Goggon. Shadliya ma ta ji, don ka san bangon madafarmu. Ka kuma san in ta hau jirgin fiton nan ta koma Gafsa, babanta ba zai sake ba mu ita da arha ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yau da hantsi Umma ta buɗe akwatinta ta ciro yadin nan, shuɗi mai ƙananan fararen kifaye, wanda Baba ya sayo mata a birnin Safakus kafin fitarsa ta ƙarshe. Tun da kwale-kwalen ya kife ba ta ko warware shi ba. Ta ɗora a kan keken ɗinkin matarka ta ce, "Ana ta cewa kin iya. Bulawus nake so, na zuwa biki, mai dogon hannu. Yadin ke nan, babu wani." Ta juya ta fita.

Goggo ta kalli yadin, ta kalli bayan Umma, ta ce ko telan Safakus sai ya ce a ƙaro.  Matarka ba ta ma ce Umma ta tsaya a auna ta ba, tsohuwar rigarta ta sauko da ita daga igiya, ta bi ta da taƙi tana motsa baki kamar mai tilawa.

Ka yi mata addu'a, ni kuma ka aiko min da turare. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Munjiya

Ƙarƙana

Yayana,

Sallama da gaisuwa, da fatan zazzaɓin da ka ambata ya sake ka. Wasiƙarka ta iso tare da turaren, na gode. Ka ce in rage tsokana. Na ji, na kuma ajiye maganar a inda nake ajiye nasihohin Malam.

Yaya, kai ka auri matar nan amma ba ka san ta ba, tunda ba ka taɓa ganinta a gaban yadi ba. Da farko ta wanke shi, ta shanya a inuwa, ta goge da gawayi. Sannan ta shimfiɗa a tabarma ta zauna tana kallonsa tun safe har rana ta take, ba ta taɓa almakashi ba, har na tambaye ta ko jira take kifayen su yi ƙwai. Ta zana siffar rigar a takardar buhun siminti, ta yayyanke, ta yi ta matsar da su nan da can a kan yadin kamar mai dara. Da ta yi bismilla ta sa almakashi kuwa, ko numfashi ban yi ba sai da ta kai ƙarshe. Wannan mai sunkuyar da kan da ka sani ba ita ce a wurin ba. Har tsawa ta daka min wai na tsaya mata a haske, ni kuma, abin mamaki, na matsa.

Gaban rigar shi ne abin kallo. Ta yanka shi yadda rabin kifi ke dama, rabinsa na hagu, sai an ɓalla maɓalli ya haɗu ya zama guda, tun daga wuya har ƙasa babu wanda ya kuskure ɗan'uwansa. A kafaɗa ta yi 'yar tattara mai laushi, yadda Umma za ta ɗaga hannu ta yi guɗa ba tare da rigar ta kama ta ba. Kalmasar wuya kuwa da hannu ta yi, in ka juya ciki sai ka rasa wane ne cikin.

Sai hannuwa. Abin da ya rage na yadin ba zai fitar da su ba sai an juya shi kai ƙasa. Ta juya, suka fita cif, ko faɗin tafin hannu bai saura ba. Ta ɗinka, ta kira ni ɗaki ta zura min don ta ga faɗuwarta. Ina ɗaga hannu na duba, sai dariya ta kayar da ni. Ta ce, "Mene ne kuma, uwar tsiya?" Na ce, "Matar Yaya, kifayenki sun mutu! Duk na hannuwan ciki sama suke." Ta ƙura musu ido ta ce, "Dama kifi yana da sama da ƙasa? Ni duk wanda na taɓa gani a faranti yake, a kwance."

Ina cikin dariyar ta maƙale min, don na tuna Umma. Tun ranar da aka jawo kwale-kwalen Baba ciki sama, takalmi ba ya kwana a kife a gidan nan. Kifi a faranti ma ba a juya shi, sai dai a ci gefe guda a ɗage ƙaya. A ce a miƙa mata yadin Baba da matattun kifaye jere daga kafaɗa har wuyan hannu, a gaban Goggo da matan tsibirin nan kaf? Na yi wa Shadliya bayani. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ajiye almakashi ta ce, "To, in fara haɗa kayana ke nan."

Na ce ta bari in ce ni na juya yadin don tsokana, babu wanda zai musa, ko liman. Ta ce ba za ta sayi zaman gidan nan da ƙarya ba, ni kuma bayana ya sha abin da ya ishe shi. Ka ji mace.

Mun ɓoye rigar a kan soro, inda gwiwar Umma ba ta kai ta. Yadi babu, biki ya matso. Tun la'asar matarka na zaune kusa da ni ina gyaran komar Kawu, idonta a kan hannuna. Yau ko tsokanarta ban iya yi ba.

Ka dage da addu'a. Wassalam.

Munjiya

Ƙarƙana

Zuwa ga Yayana abin alfaharina, mijin gwana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Umma na gaisuwa, ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kana kuma zaune, don labarin na mai zama ne.

Ashe ba banza take kallon hannuna ba. Washegari ta ce in koya mata ƙullin koma. Ni, Munjiya, wadda Malam ya ce ko akuya ta fi ni riƙe karatu, na zama malama! Sau ɗaya na nuna mata ta kama, kafin azahar idon komarta ya fi nawa daidaito, abin da ban yafe mata ba har yanzu. Sai dai ita ba da igiya ta yi ba, da farin zaren alharini ta yi.

Ta farke hannuwan, ta yanka kowanne jeri-jeri bisa layin kifayen, ta juya kowane jeri ya koma baya sama, ciki ƙasa. Da aka datse gefuna sai hannun ya gajarce, ga giɓi tsakanin jeri da jeri. Nan ta cike kowane giɓi da saƙar koma, ƙulli bayan ƙulli, a kan soro cikin rana, ɓauren da muka shanya na kallonta. Don kada fatar Umma ta fito ta idon komar, ta yanka shuɗin mayafin da kakarta ta ba ta na aure ta yi shafi da shi. Na ce ba ta jin ciwonsa? Ta ce in miƙo mata zare in rufe baki.

Nawa aikin shi ne tare Goggo, don kullum sai ta zo "ganin inda aka kwana." Na ce mata matarka ta kamu da ciwon idon nan mai yaɗuwa. Ba ta sake tako matakala ba, daga ƙofar gida take aiko da sannu, fuska a rufe.

Ranar lallen Nabiha muka sauko da rigar. Yaya, da ka gani! A jiki kifaye na yawo a sake, a hannuwa kuwa ga su maƙil cikin koma, kamar ranar da teku ta yi kyauta. Kafin Umma ta taɓa, Shadliya ta durƙusa ta faɗa mata duk yadda aka yi, da juya yadin da matattun kifayen, ni ina ta taka mata ƙafa tana ci gaba. Goggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ai na faɗa! Wanda bai san ruwa ba..." Umma ta ce, "Ajmiya, yadinki ne?"

Ta karɓi rigar ta juya ta ciki waje, ta bi ɗinkin da farce, ta ja ƙullin komar ta ji bai motsa ba. Ta kalle ni ta ce wannan ƙullin gidanmu ne. Sannan ta ɗaga hannun rigar na hagu, ta tsaya. A hammata akwai ɗan ƙyalle da aka sa don sakewa, wanda ba ya juyuwa, a kansa kifi guda, ciki sama. Ni kaina ban san da shi ba. Matarka ta ce ta rasa yadda za ta yi da shi. 

Umma ta daɗe da yatsa a kansa. Can ta ce, "Ba a jawo koma cike a rasa mushe guda. Babanku kyanwa yake jefa wa." Ta goge ido da bayan hannu, ta shige ɗaki. Da ta fito da rigar a jikinta, maɓallai a ɓalle, kifayen gaba duk sun haɗu, sai na ga Umman da na manta da ita, ta kafin baƙaƙen kayan takaba. Ta ɗaga hannu ta gwada kafaɗa, ta sauke. Ta ɗora tafinta a kan matarka ta ce, "Kifi a kanki, 'yata."

Ka san abin da 'yar tudun nan ta yi? Hawaye na zuba, ta ɗaga hannu a hankali ta shafa kanta, tana lalube, tana satar kallona. Umma ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Yaushe rabonka da jin dariyarta?

A wurin biki mata sun kusa cire wa Umma hannun riga don taɓawa. Duk wadda ta tambayi telan, sai Umma ta nuna da haɓa ta ce, "Ta gidana ce." Goggo ma ta aiko da yadi jiya, wai ba don komai ba, don kada yarinya ta zauna haka nan.

Akwatin matarka ya koma ƙarƙashin gado. Ta ce in gaishe ka, wannan karon fuska a buɗe. Yanzu haka tana madafa tare da Umma, wai yau ita za ta dafa kifin. Nan ne kuma addu'arka za ta yi mana amfani na gaske.

Allah ya dawo mana da kai lafiya. Kifi a kanka.

Ƙanwarka, malamar koma,
Munjiya