Igiyar Rumfar Karatu

Zuwa ga Kawu Sale,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa in gaishe ka kamar yadda na saba, da fatan makwancinka ya yi maka sanyi. Ni ne Mamman, ɗan ƙanwarka Hajara. Yanzu na girme ka a shekaru, Kawu, kuma akwai maganar da na gaji da riƙewa.

Ka tuna shekarar fari, da aka turo ni daga Magariya in koya wa manya karatu a ƙauyenmu na gefen Yekuwa? Daga ni sai takardar gama lakkol, wato makarantar boko, da girman kai. Bayan azahar kuke zuwa rumfa, kun sha jan ruwa tun asuba saboda 'yan dabbobin da suka rage. Kafin in rubuta baƙi uku, rabinku sun fara gyangyaɗi. Na raba goro, na yi tsawa, na sa ku tsayuwa. Malam Idi, abokin zamanka, ya nuna mini a tsaye ma ana barci.

Kai ka kawo dabara. Ka ɗauko tsohuwar igiyar guga, ka shimfiɗa ta bisa cinyoyinku, kowa ya riƙe da hagu. Duk gaɓar da na faɗa, ku maimaita ku ja sau ɗaya. Wanda barci ya sace sai wurinsa ya saki, na kusa da shi ya fizge shi. Ka ce mini, "Mamman, idonmu ya gaji, amma hannunmu ya saba da rijiya. Ka bi ta hannun."

Abin ya yi kyau har na daina waiwayowa. Ina fuskantar allo, in na ji igiya tana miƙewa a bayana sai in ce kowa idonsa biyu.

Kai kana ƙarshen layi, jingine da itacen rumfa. Na san abin da ya kawo ka. Ɗanka Habu ya kora shanunku kudu, ya tsallaka iyaka, wata bakwai ba labari. Ka rantse cewa da hannunka za ka rubuta masa, don ka san taurin kansa, saƙon baki ba ya shigarsa.

Wata Laraba muka yi karatu har inuwa ta karkata. Igiya ba ta saki ko sau ɗaya ba. Da na ce a tashi, kowa ya miƙe ban da kai. Dariya muka yi, Allah Ya yafe mana. Sai Malam Idi ya taɓa kafaɗarka, ya janye hannu da sauri. Jikinka sanyi ƙalau, a tsakiyar bazara. Hannuwanka biyu suna kan takardar da ke cinyarka, bakin igiyar kuwa yana yashe a ƙasa, nesa da kai.

Liman ya duba ka ya ce ka jima da cikawa. Malam Idi ya rantse cewa har gaɓar ƙarshe yana jin ana ja daga ɓangarenka, ja mai ƙarfi irin wanda bai taɓa ji ba. Ba wanda ya yarda ya naɗe igiyar. Nan gara ta cinye ta, ajin ma bai sake zama ba.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A takardarka kalma biyu ce kawai: "Habu ka". Na ji tausayinka, na ɗauki fensirinka da hannun hagu don rubutun ya yi kama da naka, na ƙara "dawo gida". Na ba wani falke mai zuwa kudu.

Habu ya dawo, Kawu, da shanun gaba ɗaya. Ruwa bai sauka ba. A gaban idonmu suka kwanta ɗaya bayan ɗaya.

Habu bai taɓa ƙorafi ba. Makon jiya na gamu da shi a kasuwar Dungas, idonsa ya yi rauni. Ya zaro takardar daga cikin 'yar jakar fata ya ce in karanta masa. Ya ce, "Baba ne ya kira ni, ko yau ne zan taho." Na karanta, na mayar masa da ita, ban faɗa masa gaskiya ba.

Kai ka san halin da rijiyoyinmu ke ciki lokacin. Tsoron da ke cina shi ne, ƙila abin da za ka rubuta "ka zauna can" ne.

Ka yafe mini, Kawuna. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba ni ƙarfin halin faɗa wa Habu tun muna da rai.

Ɗanka mai kunyar haɗuwa da kai,
Mamman