Ƙwan banɗaki ya sake mutuwa

Baban Tumaini,

Kada hankalinka ya tashi in ka dawo ka tarar ba kowa. Zan kai Mama asibiti. Da asuba ta shiga banɗaki, ƙwan fitilar ya yi fat ya mutu, tana laluben bango santsi ya kwashe ta. Hannunta na dama ya kumbura. Tana ta cewa ba komai, amma ko zani ta kasa ɗaurawa.

Ƙwan nan ne fa mutuminka na bakin titi ya rantse maka zai kai Tumaini jami'a. Ko wata bai rufa ba.

Don Allah kada ka kwanta. Shayi na cikin filas, ka sha ka wuce kasuwar Kariakoo. Ka nemo ƙwan LED na gaske, a shagon da za su gwada a gabanka kuma su karɓa in ya mutu. Ka ɗaura kafin mu dawo.

Mai bajaji, ɗan adaidaita-sahun da zai kai mu, na ta danna hon.

Ɗazu ina sa mata takalmi ta ce mini a hankali, "'Yata, ba hannun ba ne. Tsoron gidan ɗana na fara ji in rana ta faɗi."

Salome