Buhun Ƙasa Daga Gembu

Zuwa ga Yaya Ghali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da sanyin Gembu. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan Doguwa lafiya lau. Inna ta sami sauƙin ƙafar, har tana fita barka da ta'aziyya.

Yaya, dashen itatuwan nan na turawa da ake kira fayin da ka aiko ne ya hana ni sukuni. Ranar da suka iso ina Tudun Wada, Baffa Labaran ne ya karɓa. Da ya ga jar ƙasar da ke cikin ledojin, ya ce ko ƙaya ba za ta tsira a cikinta ba, ya kakkaɓe ta tas, ya cika ramukan da takin shanu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Na gaya masa ka ce itacen ba ya kamawa sai da ƙasar gindin iyayensa, saboda wani abu a cikinta da ke ciyar da saiwa. Ya ce tun da yake bai taɓa jin shukar da ta ƙi taki ba. Yanzu ganyen nan mai kama da allura duk ya yi rawaya. Kullum ina dubawa ina rubutawa, ban ga sabon toho ba.

Na yi masa bayani iyakar sanina: asalinsa daga tsakiyar Amurka da Kuba yake, yana miƙewa samɓal har ya kamo rimi, ana samun katakon rufi da turakun lantarki da takarda daga jikinsa. Ya ce itacen da ba ya 'ya'yan ci, inuwarsa ba ta kirki ba, akuya ma ba ta kallonsa, baƙo ne mai cin tuwon banza. Ni ma wani lokaci sai in ce ko zafinmu ne ya fi ƙarfinsa, ko ni ne ban iya ban ruwa ba.

Baffa ya ba ni wa'adi zuwa ɗaukewar ruwa. In ba su farfaɗo ba, mangwaro zai dasa a wurin. Don Allah ka ɗebo mini buhu guda na ƙasar gindin manyan itatuwan, ka ba mai mota, kada ka jira sai ka zo.

Ka gaida Yaya Asma'u da Munir da Bushra. Inna tana sa maka albarka. Baffa ma yana gaisuwa. Jiya na iske shi ya fara haƙa ramukan mangwaronsa.

Ƙaninka,
Sagiru