Kujerar Ummi

Daren Laraba, Sabo

Da la'asar ina tsakar gida, ina sassaƙa ƙafar kujerar da na yi wa 'yata Ummi alkawari. Ƙarar injin da ke juya katakon ta hana ni jin dawowarta daga Islamiyya. Ta leƙo ta ƙarƙashin hannuna, sai injin ya cafke bakin hijabinta ya fara naɗewa. Kafin in kai hannu aka ɗauke wuta. Allah ne kawai ya tsare.

Ko kuka ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Baba, yaushe za ka gama?"

Mamanta tana unguwar Mokola lokacin, kuma ban san ta inda zan fara gaya mata ba. Tun magariba aka dawo da wuta, amma na kasa ko kallon injin.