Fitila a Ɗakin Goro

Salaga, 3 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayata mai daraja, Hajiya Amamatu, uwar 'yan albasa ta kasuwar Bawku.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarki da ta jikoki, ina sanar da ke cewa ƙanenki, Alhaji Abdul-Kadiri, dillalin doya, mai riƙe da mabuɗin ɗakin goro na kakanmu, ya yanke shawarar da tarihin Salaga zai daɗe yana tunawa. Na zaɓi takarda da alƙalami, na damƙa wa direban motar doya, domin ban amince wa waya da sirri ba.

Na ji a rediyo cewa gwamnati na shirin ba da lasisin noman wiwi don magani da masana'antu. Masu jiran takarda su yi ta jira. Kakanmu bai nemi izinin kowa ba ranar da ya ɗora wa jakuna goro ya fuskanci Kano. Na riga na sayi iri a hannun wani direba mai suna Sumani, wanda ya rantse cewa daga bayan Kete Krachi ya samo shi.

Gonata kuwa ita ce ɗakin goro. Shekara talatin ke nan rabonsa da ƙwayar goro, ba shi da taga, bangonsa ya fi kamu biyu kauri. Rana kaɗai ya rasa, kuma an ce yanzu ana sayar da ita a kwali, da sunan fitilar LED ta masu shuka a ɗaki. Ki taimaka ki sa a duba mini a kasuwar Sankase, inda kaya ke da arha. Ina son mai haske ja-ja da shuɗi-shuɗi, wadda aka rubuta wat dubu a kwalinta, kada kuma ta wuce kuɗin doya ashirin.

Kada ƙanenmu Malam ya ji.

Ƙanenki mai biyayya,
Alhaji Abdul-Kadiri

Bawku, 12 ga Fabrairu

Kadiri,

Na amsa gaisuwa, muna lafiya. Na karanta wasiƙarka sau biyu, da tabarau da kuma ba tabarau, ko za ta gyaru. Ba ta gyaru ba.

Da ƙafata na je Sankase. Mai shagon ya fito mini da irin wadda ka ce, mai jan haske. Na ɗaga ta, ba ta kai nauyin albasa biyu ba, ga wata fanka a ciki tana ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Na ce, "Ɗana, wat dubu a cikin wannan gwangwanin? Ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Hajiya, kwali ne ya faɗa, ba ni ba." Na ajiye masa kayarsa, na zaɓi wata mai farin haske, faffaɗa kamar tire, mai nauyi a hannu, ba fanka ba hayaniya. Haka nake zaɓen albasa shekara arba'in, ban taɓa kwasar ruɓaɓɓiya ba. Ga ta nan a cikin buhu, ƙarƙashin albasar matarka Zaliha.

Na saya ne don na san halinka. Da na ƙi, da ka sayi ta banza ka ƙone mana gidan kaka. Amma Malam Zainudeen ya ji, ni na gaya masa. Ka san ƙa'idar gidanmu: mai riƙe da mabuɗin nan shi ne maigida, shi ke zama a gaba, shi ke raba goron suna da na aure. Ranar da ni da Malam muka haɗa baki, mabuɗi ya bar aljihunka.

Ka gaishe mini da Zaliha, Allah ya ƙara mata haƙurin zama da kai.

Yayarka,
Amamatu

Yendi, 20 ga Fabrairu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Alhaji.

Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Labari ya iso mini da ya hana ni ƙarasa darasin da nake bayarwa, har manyan ɗalibai suka ɗauka zazzaɓi ne ya kama ni.

Yaya, lasisin da ka ji a rediyo ba a aljihunka yake ba. Wanda aka kama ba takarda, gidan yari zai je, kuma 'yan sanda ba su san kakanmu ba. Wannan hukuncin duniya ke nan, na lahira kuwa ka san shi tun muna zaune gaban allo. Hannun da ke raba goron auren 'ya'yanmu ba zai riƙa yi wa wiwi ban ruwa ba.

Na ba ka wa'adi zuwa taron addu'ar kaka na ƙarshen Afrilu. Ka tumɓuke abin nan, ka kashe fitilar, ka share ɗakin. In ba haka ba, zan nemi mabuɗi a gaban dangi, ina kuka ina nema.

Allah ya shiryar da mu baki ɗaya.

Ƙanenka,
Zainudeen

Salaga, 25 ga Maris

Zuwa ga ƙanena, Malam Zainudeen, wanda na goya a bayana zuwa makarantar allo.

Bayan gaisuwa, na karɓi wa'adinka, na ninke shi, na tokare ƙafar teburi da shi, kuma teburin ya daina rawa. Na gode.

Ka sani cewa tsirrai goma sha biyu ne ke tsaye a cikin bokitan fenti ƙarƙashin fitilar Yaya, kowanne ya wuce gwiwata. Ganyensu mai yatsu ne, daidai da hoton da ke manne a bayan kekuna masu ƙafa uku na tashar Salaga. Na tsinki ɗaya, na kai tasha a ɓoye cikin hula, na gwada, ko yatsa ɗaya bai saɓa ba. Ina ɗaga fitilar da igiya kullum suna bin ta, kamar talakawa suna gaida sarki. Zaliha ta leƙa sau ɗaya, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza, ta fita da gudu. Mata ba su iya jure ganin babban al'amari.

Damuwata ɗaya ce: ɓeraye na cinye ganyen ƙasa. Na kafa tarko.

Batun mabuɗi kuwa, ina nan. Jikan fatake nake. Na sayi doya a gonaki ɗari, na san ta jiya, na san ta bara, ba a haifi wanda zai sayar mini da abu da sunan wani abu ba. Idan ido irin wannan bai cancanci riƙe gida ba, ka zo ka karɓa. Ba zan tumɓuke ko saiwa ɗaya ba.

Yayanka, har yanzu,
Alhaji Abdul-Kadiri

Bawku, 9 ga Afrilu

Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka zauna kafin ka karanta, ka kuma sallami ɗalibai.

Na je Salaga in ga abin da idona. Kadiri ya buɗe ɗakin da bismilla, ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu kamar mai nuna sabon gini. Fitilar dai ta yi aiki, wannan ban yi asara ba. Na matsa kusa, na tsinki ganye, na murza, na sa a baki. Tsami. Sai da ya tafi masallaci na ja Zaliha madafa.

Na ce, "Ke, wannan ba rama ba ce?"

Ta faɗi a kan turmi tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Yaya, tun mako na uku na gane. To wa zai gaya wa Alhaji? Ni ina son aurena."

Na ce, "Ɓerayen fa?"

Ta ce, "Ga ɓera a gabanki. Rani ne, Yaya, rama ta yi tsada a kasuwa, ga ta kuma ɗanya shar a cikin gida. Sau uku na yi masa miyarta da gyaɗa, kowane karo sai da ya nemi ƙarin tuwo."

Ka ga abin da ya faru. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba, bai taɓa leƙa tukunya ba, Sumani ya auna shi ya sayar masa da irin rama. Ba wiwi a gidan kaka. Sai dai magana ta riga ta fita, don ya kasa riƙe bakinsa, unguwar zango duka ana raɗa cewa gidanmu gidan 'yan wiwi ne. Shawarata: a bar masa mabuɗi, amma ya tashi a taro ya faɗa da bakinsa cewa an cuce shi, rama ce. Sunan gida ya wanku, shi ke nan.

Yayarka,
Amamatu

Yendi, 15 ga Afrilu

Assalamu alaikum, Yaya Alhaji.

Alhamdu lillahi, Allah ya tsare ka daga abin da ka nufa, ya musanya maka da miya. Abin da ke ɗakinka rama ce. Yaya Hajiya ta ɗanɗana, Zaliha ta dafa, kai kuma ka ci. Niyyarka tsakaninka da Ubangijinka ce, ka nemi gafara.

Mun amince ka ci gaba da riƙe mabuɗi, da sharaɗi ɗaya: ranar taro ka miƙe a gaban dangi da maƙwabta ka ce, "Sumani ya cuce ni, rama na shuka." Kalma bakwai ce, Yaya. Idan suka fita, ni zan fara miƙo maka ƙwaryar goro ka raba.

Ƙanenka mai ƙaunarka,
Zainudeen

Salaga, 21 ga Afrilu

Malam,

Na gaishe ka. Ga mabuɗi a cikin ambulan, ka shafa masa mai, yana cijewa.

Ranar taro zan zauna a baya tare da surukai, in karɓi gorona daga hannunka kamar kowa. Amma ba zan faɗi kalmominku ba, ko bakwai ko ɗaya. Sau uku na ci miyar nan, sau uku barci ya kayar da ni tun kafin la'asar. Rama ba ta yin haka.

Wassalam.

Yayanka,
Alhaji Abdul-Kadiri, manomin wiwi