Rasuwar Malama Mai Almakashi da Amanar Dashen da Ta Bari

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Manoman Mangwaro, a madadin Mai Girma Shugaba, da Dattawan Kwamitin Amintattu, da ɗaukacin mambobi maza da mata, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar Babbar Jami'arta ta Horarwa, wadda manoma suka fi sani da Malama Mai Almakashi, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiya ta kama aiki da mu ne a lokacin da yawancinmu ke ganin cewa mangwaro ba ya bukatar komai sai ruwan sama da haƙuri. Lambu-lambu ta riƙa bi, da almakashin rage rassa a jakarta, tana nuna yadda ake buɗe wa bishiya kai domin rana ta shiga, da dalilin da ya sa ba a barin ruɓaɓɓen mangwaro a ƙasa ya zama maƙyanƙyasar ƙuda. Dattijon da ya fi kowa tsufa a cikinmu ya taɓa tare ta a bakin lambunsa, ya ce, "'Yata, bishiyar da ta girmi ubanki ce za ki yi wa aski?" Ta ce, "Baba, ba ni guda ɗaya, wadda ka fi jin haushinta." Da shekara ta zagayo, ya ga irin 'ya'yan da bishiyar ta yi, shi ne ya fara zuwa aron almakashin.

Aikinta na ƙarshe shi ne koya wa mambobi auren mangwaro, wato haɗa reshen iri mai kyau da tushen na gida, a naɗe mahaɗar da zaren leda har ta kama. Dashen da suka yi tare suna nan jere a baƙaƙen ledoji cikin rumfar reno da ke bayan ofis, kuma da su ne ƙananan manomanmu ke fatan sabunta lambunansu bana. Tun ranar rasuwar, saboda kara da girmamawa, babu wanda ya taɓa su. Mahaifinta, wanda shi ne mai sa hannu a wannan sanarwa, ya leƙa rumfar, ya tarar sun yi toho, zaren kuma ya fara cin jikinsu. Idan ba a kwance shi ba, zai shaƙe su.

Saboda haka, da yawun iyalan marigayiya, ƙungiya tana roƙon duk wanda ya koyi wannan aiki a hannunta, da ya biya ta rumfar ya kwance zaren kafin ya ƙaraso gida gaisuwa, ya kuma zo da maƙwabcin da bai koya ba domin ya gani. Iyalai za su ɗauki hakan a matsayin cikakkiyar ta'aziyya. Ƙofar rumfar a buɗe take, almakashinta kuma yana rataye a ƙusar da ta saba rataye shi.

Muna roƙon Allah Ya jiƙanta, Ya sa ilimin da ta yaɗa ya zame mata sadaka mai gudana, Ya ba mijinta, da 'ya'yanta, da mahaifiyarta, da mahaifinta juriyar wannan rashi.

Sa hannu:
Baban Malama,
Kakakin Ƙungiyar Manoman Mangwaro